Ba a Cin Yankana

Oga Tanimu ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani a gaban alƙali, ya rantse bai san komai ba game da gubar da aka zuba a bayan kwatar garinmu. Shi ya sayo gubar, shi ya zuba ta da hannunsa, ni aka ɗaure. Abin da aka yi mini ke nan, na fara da shi don kowa ya san inda na dosa. Amma ni ma ba waliyyi ba ne. Nawa laifin zan faɗe shi duka, ba zan rage komai ba, don saboda ku samari masu neman aikin kaki nake wannan rubutun. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Ni ɗan mahauta ne, daga wani gari a ƙasar Rogo, ta wajen Ruwan Bago. Ubana mahauci, kakana mahauci. Tun ban kai tsawon tebur ba nake riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. A wancan zamanin, ranar kasuwa, ungulaye sun fi mahauta yawa a kwata. Za ka gan su a jere a kan katanga da rassan rimi, sun zuba mana ido. Ba sa tsoronmu. Ubana yakan ture ɗaya da ƙafa, ta matsa kaɗan, ta dawo. Ba mai taɓa su, don su ne masu share mana wuri, kuma ba su taɓa neman lada ba.

Akwai wani tsari a kwatarmu da dole ku fahimta, in ba haka ba ba za ku gane labarin ba. In an gama yanka da safe, toroso da guntayen hanji da ragowar kitse duk a bayan kwata ake zubawa, a gindin wata tsamiya. To, ba ungulu ce ke fara zuwa ba. Tsofaffin matan da ke wanke mana tumbi da hanji su ke fara zuwa, su tsince abin da zai shiga miya. Haƙƙinsu ne, ladan aikinsu ne. Sai sun tashi, wajen azahar, sannan ungulaye su sauka. Ba wanda ya taɓa yin shelar wannan. Kowane ɗan mahauta ya tashi ya tarar da shi.

Ni fawa ba ta kwanta mini ba. 'Yan mata suna toshe hanci in na wuce, wai ƙarnin jini. Kaki nake so. Wani ɗan'uwan mahaifiyata ya yi mini hanya aka ɗauke ni aikin gadin gandun daji, aka tura ni ƙarƙashin Oga Tanimu, mutumin Karaye ta wajen Unguwar Hajji, wanda ke kula da dazuzzukan da ke tsakanin Karaye da Rogo. Mutum ne mai fara'a, mai son raha, ba ya kiran sunana sai "Ɗan fawa".

Kuma na yi aiki, wannan ko maƙiyina ya sani. Da rani, lokacin farauta, ni ke shan gaban mafarauta da karnukansu in hana su cinna wa daji wuta. Na kwance tarkon waya ba adadi a bakin dam ɗin Karaye. Na kori masu gawayi. Na taɓa ƙwace gauraki biyu a keji daga hannun wani da zai kai su gidan mai kuɗi a Kano, na sake su a bakin ruwa. Da suka tashi sai na ji kamar ni na tashi. A ranar na yi barci da kakina a jiki don daɗi.

Ɓarnar daga zomo ta fara. Wata rana muka ƙwace zomaye da fakara a hannun mafarauta. Doka ta ce a kai ofis. Ofis kuwa babu firji, babu ma wuta. Oga ya dube ni yana dariya ya ce, "Ɗan fawa, kai ka san nama ba zai jira takarda ta je Kano ta dawo ba. Feɗe mana, kada a yi asarar halittar Allah." Na feɗe, na gasa, muka ci da yaji. Me zan ce muku, ya yi daɗi. Na gaya wa kaina ai da ma ruɓewa zai yi. Daga nan sai ya zama in miyar gida ba nama, na san wace hanya mafarauta ke biyowa. Har matata ta saba, in na shigo hannu biyu sai ta ce, "Yau babu kamu ne?" Na daina kama mutane don sun karya doka. Na koma kama su don abin da ke cikin jakarsu.

Sai maganar cinikin kan ungulu. 'Yan koli a kasuwanni suna sayar da shi a ɓoye, a bushe, ga masu tsibbu da masu neman sa'a. Aikinmu ne mu ƙwace mu ƙone a gaban jama'a. Oga yana da wani baƙo da ke zuwa daga nesa a mota, ban taɓa sanin sunansa ba, yana saye. Oga ya ce mini, "Kai da ka san kan dabbobi, wane kai ne ya yi kama da wannan?" Ni da bakina na ce talotalo. Kan talotalo in ya bushe aka babbaka shi kaɗan, daga nesa ba mai bambancewa. Ni ke samo su, ni ke musanyawa. A tara mutane, a zuba kananzir, Oga ya yi jawabi a kan amanar halittun Allah har dattawa suna gyaɗa kai, talotalo na cin wuta, na ainihin suna cikin akwatin babur ɗinsa. A lokacin abin dariya yake ba ni. Ina ganin kaina mai wayo.

Da 'yan koli suka gane, sai suka daina fito da kayansu, kamu ya yi wuya. Oga ya ce, "Ungulayen garinku ai sun san ka. Ko ba 'yan'uwanka ba ne?" Na yi dariya, amma na fahimci abin da yake nufi. Na san dabarar, a bakin mafarauta na ji ta. Garin taba ake cuɗawa da hanji. In ungulu ta ci, sai jiri ya ɗebe ta, ta kasa tashi, ka ɗauke ta da hannu kamar kaza. Na yi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina jira sai matan nan sun tashi, mahauta sun tafi masallaci, in zagaya gindin tsamiya da buhuna. Tsuntsun da ya tsaya kusa da ƙafar ubana bai gudu ba, ni ma bai guje ni ba. Da wannan yardar na ci amanarsa. Wata rana ma na kai Oga ya ga wurin da idonsa. Na nuna masa tsamiyar, na nuna masa inda suke sauka. Ban yi masa zancen matan ba, don ban ga dalili ba. Abin da ka tashi ka tarar, kana ɗauka kowa ya sani.

Sarkin Fawan garinmu, wanda wan mahaifina ne, Baffa nake ce masa, ya tare ni wata ranar kasuwa. Ya ce, "Kai malamin daji, ina ungulayenmu suke tafiya ne? Katanga ta fara yin fili." Na ce, "Baffa, canjin yanayi ne, ko'ina haka ake fama." Na ji kalmar a wani taro ne, na jefa masa. Ya ce, "Allah ya kyauta." Ya ba ni tsire a takarda, na karɓa na ci.

Sai baƙon nan ya ce da yawa yake so a lokaci guda. Oga ya kira ni ofis, ya fito da wata kwalba ta maganin ƙwari na gona. Ya ce taba ɓata lokaci ce, wannan zubi ɗaya za a kwashe katangar gaba ɗaya. Na ce, "Oga, ban da wannan. A kwata ake magana, wurin abincin mutane." Ya ce, "Au, tsoro? Ashe ɗan fawa jinin akuya kawai ya iya gani." Na ce ya kira shi abin da ya ga dama. Ya mayar da kwalbar aljihu, ya ce shi ke nan, an bar maganar.

Ranar kasuwar garinmu da ta biyo baya, sai ya tura ni bakin dam ni kaɗai, wai an ce an sake kafa tarkuna. Na tafi. Na wuni ina yawo, ban ga ko waya ɗaya ba. Da la'asar na dawo ofis na tarar da shi yana wanke hannu da omo. Ya ce, "Na yi aikin da ka kasa. Da hantsi na zagaya, mahauta na ta ciniki, ba wanda ya kula." Na ce, "Da hantsi? Oga, da hantsi ka zuba?" Ya ce to da yaushe, ai gara ya jiƙa kafin su sauka. Na ce, "Mata fa?" Ya ce, "Waɗanne mata?"

Gwaggo Hansai ce ta fara zuwa a ranar. Tsohuwa ce, ita ta wanke wa ubana hanji tun yana saurayi, tana kirana mijinta. Ta tsinta, ta kai gida, suka yi miyar rana ita da 'yarta Lantana. Lantana ta sha wuya a asibiti ta tashi. Gwaggo ba ta tashi ba. Sauran matan Allah ya taimake su, ba su riga sun ɗora tukunya ba labari ya iso. Ungulaye kuwa suka riƙa faɗowa a gonaki da kan rufin mutane, karnuka suna mutuwa a lungu. Ko kai ɗaya Oga bai samu ya ɗauka ba, gari ya riga ya tashi.

An ga mai kaki a bayan kwata da hantsi, ta baya aka gan shi. Kakin da garinmu ya sani nawa ne. Aka bincika ɗakina, aka samu garin taba da busassun kawuna. Wani ya ce ya taɓa ganina da buhu a gindin tsamiya, kuma gaskiya ya faɗa. Oga ya zo wurina a ofishin 'yan sanda, ya rage murya ya ce, "Ka yi shiru, Ɗan fawa. In mu biyu muka shiga, wa zai fito da wani?" Na yi shiru. Sai ranar shari'a na ji shi yana cewa bai tura ni ko'ina ba a ranar, kuma ya daɗe yana zargina. A nan na buɗe baki, amma lokaci ya wuce. Na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, ɗan mahauta ba zai zuba guba a wurin nan da hantsi ba, don ya san mata ke fara zuwa. Ni sai azahar nake zuwa." Alƙali ya ɗago ya ce, "Zuwa yin me?" Kun ga na ɗaure kaina da bakina. Oga ya yi rantsuwarsa ya koma aiki. Ni aka wuce da ni gidan yari a Kano.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Gabza ce, tuwon nan na fursuna, da ƙwarƙwata, da gandiroba wanda bai kai ƙanina ba yana ce mini "kai tsuguna". Matata ta jira iya ƙarfinta, daga baya ta nemi takardarta na ba ta, ban ga laifinta ba. Shekarun farko ba abin da nake yi sai tsine wa Oga. Akwai wani dattijo a ɗakinmu da ke ja mana salla, ya gaji da ji. Wata rana ya ce, "Na yarda shi ya zuba. Wa ya nuna masa tsamiyar?" Na yi kwana da kwanaki ba na yi masa magana. Amma tambayar ta zauna. Ni na nuna. Ni na kawo talotalo. Ni na feɗe zomon farko. Daga ranar na daina cewa ba ni da laifi. Na koma cewa ga nawa, ga nasa, kuma a kan haka nake har gobe. Na tuba a kan nawa, tuba na gaske. Nasa kuwa ba zan ɗauka ba.

Da na fito na koma gari, kai tsaye wurin Baffa na je. Na ce ina son wurin marigayi ubana a layin mahauta, ba ni da wata sana'a. Ya ce, "Ɗana, in ka tsaya a layin nan da wuƙa, ba kai kaɗai za a ƙi saye a wurinka ba, duk layin ne. Mun sha wuya kafin mutane su dawo." Ban yi musu ba. Na koma Rogo ina dako a kasuwa, buhun gyaɗa da masara. Da Babbar Salla na tattara na sayi ɗan akuya, na yanka da hannuna, na feɗe shi yadda ubana ya koya mini, na raba a kwanuka na aika wa maƙwabta. Kwanukan suka dawo da namansu a ciki. Kowa da godiyarsa, kowa da uzurinsa, wai nama ya yi musu yawa. Ɗaurin alƙali ya ƙare. Wannan bai ƙare ba. Ɗan mahauta, jikan mahauta, ba a cin yankansa.

Na je wurin Lantana 'yar Gwaggo Hansai. Na tsuguna a zaurenta, na faɗa mata abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, da taba, da buhu, da ranar da na kai Oga gindin tsamiya. Ban ce "in na taɓa yi miki laifi" ba. Na kira laifin da sunansa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Abin da ka faɗa na yafe maka. Gubar kuwa, in ba kai ba ne, mai ita ya zo ya faɗa da bakinsa. Kafin nan ni dai kai na sani." Maganarta daidai ce.

Yanzu ku je kwatar garinmu ku duba katanga. Babu ko ɗaya. In jaki ya mutu a bayan gari sai ya yi sati yana wari. Yaran yanzu sai a waya suke ganin ungulu. Ina cikin waɗanda suka jawo haka, kuma albashi ake biyana don in hana.

To samari, ku ji. In an ba ka kaki, abin da ka ƙwace ba naka ba ne, ko zai ruɓe a gabanka. Bar shi ya ruɓe. Ranar da ogan ka ya ce ka feɗe, a ranar yake auna ka, kuma in ka feɗe ya gama da kai, don daga nan kai ma kana da abin ɓoyewa. Kada ka ɗauki sirrin sana'ar gidanku ka ba wanda bai san haƙƙin da ke cikinta ba. In kuma abu ya ɓaci aka ce ka yi shiru za a fito da kai, to ka yi magana a ranar, da ƙarfi.

Bana, dab da tashin alhazai, ina sauke gyaɗa daga mota a kasuwar Rogo sai na ji an ce, "Ɗan fawa!" Oga Tanimu ne. Ya yi ritaya, ya yi furfura, ya sha farar shadda. Ashe kujerar Makka ya samu, yana zagayen sallama da neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ya miƙo hannu. Na ce hannuna da ƙura. Abokan dakona suka tsaya suna kallo.

Ya ce, "Tafiya ta zo, Ɗan fawa. Ka san zaman tare, yau da gobe. In akwai abin da na taɓa yi maka, na sani ko ban sani ba, a yafe juna."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ja ni gefe, bayan motar. Ya ce, "Haba, abin da ya wuce ai ya wuce. Na ji halin da kake ciki. Sarkin Fawanku muna mutunci da shi. Kafin in tashi zan je in roƙe shi alfarma ya mayar da kai layi. Ni zan tsaya maka. Kai dai ka ce ka yafe, in tafi da zuciya ɗaya."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji maganar har cikin ƙirjina. Bayana ya gaji da buhu. Amma na tuna kwanukan nan da suka dawo. Sannan na koma inda mutane suke, don ba na son wata magana a bayan mota kuma, na ce masa da muryar da kowa zai ji:

"Oga, Baffa zai iya ba ni tebur, amma ba zai iya buɗe bakin mutane ya sa musu namana ba. Alfarmarka ba ta da amfani a wurina. Abu ɗaya nake so. Jibi kasuwar garinmu. Ka zo kwata da hantsi, lokacin da mahauta suke, matan nan suke, Lantana take. Ka ce, ni Tanimu ni na zuba, kuma na rantse a kan ƙarya. Shi ke nan. In ka faɗa, wallahi kafin ka rufe baki na yafe maka nawa, kuma ni zan raka ka tasha. In ba za ka iya ba, ka hau jirginka, Allah ya kai ka lafiya. Amma ka tambayi malaman da ke koya muku aikin Hajji ko ɗawafi yana wanke haƙƙin mutum. Ni ban yafe ba, Oga. Ka ji da kunnenka, kuma ga shaidu. Yanzu matsa mini, mai gyaɗa yana jira."